Yusnidar ta Ɗakin Maza da Allurar da Aka Ɓoye Mata

Duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin maza na asibitin gundumarmu ya san Yusnidar, ko da bai riƙe sunanta ba. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, farin ɗankwalinta kullum a goge, takunta kuma tun daga bakin baranda ake jin sa. Ma'aikata Uni Yus suke ce mata, yadda ƙanne ke kiran babbar yaya. Marasa lafiya kuwa Bu Yus suke cewa, don Bu ake ce wa babbar mace a can, Pak kuma babban namiji, su gyara kwanciya idan ta doso.

A wani ƙauye na bakin tafkin Maninjau aka haife ta, a gidan kakarta ta wajen uwa, ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai. Ubanta masunci ne, ƙananan kifayen nan da ake naɗewa a ganyen ayaba a gasa su yake kamawa. Tana da shekara goma sha biyu ƙugiya ta shige tafin ƙafar ƙanenta. Manyan gida suka tsaya suna salati, ita kuwa ta zauna a kan cinyarsa, ta tura ƙugiyar gaba har bakinta ya ɓullo, ta datse da filaya ta zare. Kawunta, yayan uwarta, wanda maganar 'ya'yan gidan ke hannunsa, yana tsaye yana kallo. Nan take ya ce wannan yarinya ba ta gona ba ce, ta asibiti ce. Da ta gama sakandare shi ya kai ta makarantar koyon jinya a Bukittinggi.

Ta fara aiki tana 'yar ashirin da ɗaya, a hannun wata tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya, Bu Rosna, wadda ke yawo da ɗan hantsakin ƙarfe a aljihu. Duk wadda ta ninke zanen gado a karkace, sai ta ji shi a bayan yatsu. Yusnidar ta sha kuka a banɗaki shekara guda cur. Da shekarar ta ƙare, babu wanda ya fi ta gane jijiya a hannun tsohon da fatarsa ta yamutse. Daga nan ta ƙudurce a ranta cewa haka ake yin nas, sai an gasa ta. Da aka ba ta shugabancin ɗakin maza ba ta taɓa dukan kowa ba, kuma tana ganin wannan babban sassauci ne ta yi wa 'yan baya. Muryarta ta ishe ta, da wani kallo da take yi ta saman tabarau.

Ɗakin nata kuwa ya yi zarra, wannan ba a musu. Gadaje ashirin da shida, babu mai gyambon kwanciya, babu ƙarin ruwan da ke ƙarewa ba a lura ba. Shi ya sa duk sababbin da aka ɗauka, wurinta hukumar asibiti ke fara tura su wata shida. Suna miƙewa idan ta shigo, suna kawo mata tsaraba idan sun je gida, ita kuma ta ɗauka ƙauna ce. Akwai wani littafi mai koren bango a aljihun teburinta, wanda doka ta ce a rubuta sunan duk ma'aikacin da allura ta soka a bakin aiki, don a yi masa gwaji da rigakafi a ranar. Shekara goma sha ɗaya littafin ɗakin maza babu ko layi ɗaya a ciki. Har takardar yabo aka ba ta saboda haka, ta sa a gilashi ta rataye a bayan kujerarta.

Nofrianti ta zo ne bayan ƙaramar salla. Shekararta ashirin da uku, siririya, 'yar wani manomin barkono daga ƙauyen kan dutse. Hannunta da taushi, tsofaffi na son ta yi musu allura, sai dai akwai rawar jiki. Da ta hango Uni Yus, abin da ke hannunta sai ya nemi faɗuwa. Yusnidar ba ta ƙi ta ba. A ranta ma cewa take yi wannan za ta yi kyau idan ta gasu.

Wata Talata da safe, kusan wata huɗu da zuwanta, ana zagayen duba marasa lafiya. Nofrianti na tura keken magani, ta zo daidai tagar da rana ke shigowa, ta ɗago kai. Yusnidar ta tsaya cak.

"Ke, zo nan. Kalli sama."

"Na'am, Uni?"

"Sama na ce, ba ni za ki kalla ba."

Ta sa babban yatsa ta ja fatar idon ƙasa. Farin idon ya koma rawaya, kamar an jiƙa shi da kurkum.

"Fitsarinki wane launi ne?"

Nofrianti ta sunkuyar da kai. "Kamar shayi, Uni."

"Kwana nawa?"

"Ya kai goma."

"Goma! Kina nas, kina tsakiyar asibiti, kwana goma!"

Da kanta ta ja ta zuwa ɗakin gwaji, da kanta ta ɗebi jinin. Kafin azahar sakamako ya fito: ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini, kuma sabon kamu. Dokta Hendrizal, likitan ɗakin, ya duba takardar ya sake dubawa, ya ce a kwantar da ita yanzu-yanzu, hantar ta kumbura ƙwarai.

Yusnidar ta zauna a bakin gadonta a ɗakin mata tana jero tambayoyi. An taɓa yi miki ƙarin jini? An cire miki haƙori kwanan nan? Akwai mai shi a gidanku? Duk a'a. Daga ƙarshe Nofrianti ta juya ta fuskanci bango tana hawaye. Zuciyar Yusnidar ta fara raya mata ko wani namiji ne a cikin maganar. Ta daɗe tana jin kunyar wannan zato daga baya.

Ta koma ɗakin maza ta shiga ɗan ɗakin baya, inda ake wanke tasoshin marasa lafiya, don ta wanke hannu. Can ta tarar da Etek Baidar tana matse tsumman goge ƙasa. Etek Baidar, wato gwaggo Baidar, ita ce mai sharar ɗakin maza, ta haura sittin, haƙoranta na gaba biyu suka rage. Ta riga Yusnidar zuwa asibitin, kuma ita kaɗai ce ke kiran sunanta kai tsaye.

"Yus, ki daina tsare yarinyar nan da tambaya. Ni na san inda ta samo shi."

"Ina?"

"Nan. Satinta na biyu. Gado na bakwai, Pak Darwis, mai kumburin cikin nan da ya rasu kafin babbar salla. Ta ɗebi jininsa, tana mayar wa allurar murfi, ya fizge hannu, ta shige mata babban yatsa."

Yusnidar ta bar famfo a buɗe. "Pak Darwis? Ai kowa ya san abin da ke jininsa. Ni na rubuta da jan biro a kan fayil ɗinsa."

"Ta sani. Shi ya sa ta zo wurinki a guje."

"Wurina? Ba ta zo ba."

"Ta zo mana. Ina goge ƙasa a ƙofar ofishinki. Ta ce, 'Uni, ina da magana.' Kina rubutu, ko kai ba ki ɗaga ba, kika ce, 'Wani ya mutu ne?' Ta ce a'a. Kika ce, 'To je ki gyara zanen gado na goma, kamar akuya ce ta kwana a kai.' Ta tafi ta gyara."

Abin da ya fi kaɗa Yusnidar shi ne ta tuna. Ta tuna ranar sarai, har da zanen da yadda ya zazzago ta gefe ɗaya. Hannun da Nofrianti ta dunƙule a bayanta ne kawai ba ta gani ba.

"Sai ta zo wurina," in ji Etek Baidar. "Na matse mata yatsan, na zuba mata bilic ɗin da nake wanke ƙasa, na ɗaure da filasta, na tofa mata addu'a."

"Bilic! Haba Etek, bilic! Akwai allurar kariya da ake yi wa mutum a ranar, tana can a firjin ɗakin magani. Da an yi mata, da wuya ciwon nan ya kama ta."

Tsumman ya suɓuce daga hannun tsohuwar ya faɗa cikin bokiti. "Akwai allura? Innalillahi. Ni ban sani ba, Yus. Ni haka nake yi musu duka."

"Duka su wa?"

Etek Baidar ta fara lanƙwasa yatsu. Desmawati, sau biyu. Elfira. Afrizal, a bara. Doguwar nan da ta yi aure ta bi miji. 'Yan biyun da aka mayar ɗakin yara. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare, ta shiga ɗayan, sannan ta ce ta daina riƙewa tuntuni.

Yusnidar ta rufe famfon. Ta kife wani bokiti ta zauna a kai, da farin kayanta.

"Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Wa ke gaya miki magana? Ni ma yau don na ga yarinyar nan za ta tafi ne. Idan ƙarin ruwa ya tsaya, ni suke tambaya. Idan sun manta yadda ake sa robar fitsari, ni. Ni da aji uku na yi a firamare. Abin da idona ya gani sama da shekara talatin shi nake faɗa musu, wanda na sani da wanda nake tsammanin na sani. Suna kuka, in ba su shayi. To ina za su je?"

Ƙarfe biyu, lokacin da masu aikin safe ke miƙa wa na rana, Yusnidar ta tara su duka a ofis, su tara. Ta ce duk wanda allura ta taɓa soka a ɗakin nan ya ɗaga hannu. Babu wanda ya motsa, kowa na kallon takalminsa. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ce, "Ba zan yi faɗa ba. Wallahi ba zan yi ba. Nofi na kwance can saboda ni. Ku taimake ni."

Ba su taɓa jin ta ce a taimake ta ba. Desmawati, wadda ta shekara takwas tare da ita, kuma Yusnidar ke ganin ita ce 'yar gabanta, ta ɗaga hannu a hankali. Elfira ta bi, sai Afrizal. Cikin tara, bakwai suka ɗaga.

"Des, har ke?"

"Na farkon na yi niyyar faɗa, Uni. Sai ga shi a satin aka ba ki takardar can." Ta nuna bango da haɓa. "Aka ɗauki hoto, kika sayo mana soyayyar ayaba. Wa zai zo ya ɓata miki littafi?"

Ranar tun kafin la'asar ta koma gida, abin da ba ta saba ba. Mijinta Masril na tsakar gida yana canza wa tsuntsayensa ruwa. Mutum ne mai sanyin hali, yana da shagon kayan babur a bakin kasuwa.

"Uda, tsorona kake ji?" in ji ta, da sunan girmamawar da matan can ke kiran miji.

"Wane iri? Na damisa ko na 'yan haraji?" Ya juyo yana dariya, ya ga fuskarta, dariyar ta ɗauke. Ya rataye kejin. "Ba tsoro ba ne. Sai dai ina duba fuskarki kafin in yi magana."

"Akwai abin da kuka taɓa ɓoye min?"

Ya daɗe yana goge hannu a zaninsa. "Kin tuna tabon gwiwar Rahmi?"

Rahmi ita ce babbar 'yarsu, tana aure a Padang. "Wanda wayar shinge ta karce ta?"

"Babur ne ya kayar da ita, tana ajin ƙarshe na sakandare. Na kai ta wani asibiti a Bukittinggi aka ɗinke. Ɗinki takwas. Muka ce miki ta tafi gidan ƙawarta karatun jarrabawa."

"Ɗinki takwas, ina nas, a gidana?"

"Ita ta roƙe ni. Ta ce gara zafin ɗinki."

Yusnidar ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado da takalmanta. Har aka kira magariba ba ta cire ɗankwalin aiki ba.

Washegari uwar Nofrianti ta iso daga ƙauye, ta sha tafiyar awa huɗu a mota, riƙe da tukunyar rendang, naman da ake dafawa da madarar kwakwa da yaji, ɗaure a tsumma. Tana ganin Yusnidar a baranda ta kama hannunta biyu-biyu.

"Ke ce Bu Yus? Allah ya saka miki. An ce ke kika gane ciwon da ido. Kullum sunanki a bakinta, wai babu wanda ya kai ki iya aiki, wai so take ta zama kamarki. Ga wannan, babu yawa."

Yusnidar ta ji kamar ta karɓa ta yi godiya ta wuce. Ta kasa. Ta zaunar da matar a benci, ta faɗa mata komai, tun daga gado na bakwai har zuwa ƙofar ofis. Matar na saurara, bakinta a ɗan buɗe.

"Kika ce ta je ta gyara zane?"

"E."

"Hannunta na jini?"

"Ban duba ba."

"Ta gyara?"

"Ta gyara."

Matar ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta shiga wurin 'yarta. Tukunyar ta wuni a kan benci, babu wanda ya iya taɓa ta.

A kwana na uku jikin Nofrianti ya rikice. Ta fara magana ba kan gado, tana kiran uwarta da sunan wata mata daban. Dokta Hendrizal ya ce a wuce da ita babban asibiti a Padang. Yusnidar ta shiga motar asibiti ta riƙe robar ƙarin ruwa da hannunta duk tsawon gangaren nan mai kwane-kwane, uwar na zaune a gabanta, gwiwa na taɓa gwiwa, ba wadda ta kalli wata.

Da ta dawo, kai tsaye ta wuce ofishin shugaban asibiti da koren littafin da takardar yabon, ta ajiye masa a tebur. Ya saurare ta, ya share zufa, ya ce a bi a hankali, kada magana ta fita waje ta ɓata sunan asibiti.

"Pak, sunan asibiti ba shi da hanta," in ji ta. "A gwada su duka, har waɗanda suka bar ɗakina. In ba haka ba ni zan kira su ɗaya-ɗaya in kai su wani wuri."

Aka gwada mutum ashirin da uku. Ashirin da biyu suka fita lafiya, aka yi musu rigakafi. Ta ashirin da ukun Desmawati ce. Ciwon ya daɗe a jikinta ba ta sani ba, ya zauna. Likita ya ce babu mai iya cewa daga allura ne ko da shi aka haife ta. Yusnidar ba ta sami sauƙi a wannan magana ba. Ita ta raka Desmawati aka gwada mijinta da 'ya'yanta biyu, ta tsaya a bakin ƙofa har aka ce su lafiyarsu lau.

Sauya hali yana da wuya ga mace 'yar hamsin da biyu. Ranar da ta fara gwada yi wa ma'aikata murmushi, Elfira ta je ta tambayi Etek Baidar ko haƙori ke damun Uni. Ta ce musu ƙofarta a buɗe take, kowa ya shigo, ba wanda ya shigo. Sai ta sa aka fito da teburin daga ofis aka ajiye a tsakiyar ɗakin, tsakanin gado na goma sha uku da na goma sha huɗu, inda ba sai an ƙwanƙwasa ba. Ta hana mayar wa allura murfi, ta sa aka ɗaura akwatin zubar da allurai a jikin kowane keken magani. Duk sabon da aka turo, sai ta haɗa shi da wanda ya girme shi da shekara ɗaya ko biyu a aiki, ta ce, "Wannan ita ce yayarki. Tambayar da kike jin kunyar yi min, yi mata. In ba ta sani ba ku zo tare." Da rana kuma ta daina cin abinci ita kaɗai, ta riƙa kawo shinkafarta da dakakken barkono ta zauna a tabarmar bayan ɗaki inda suke ci. Satin farko shiru ake cin abincin, sai ƙarar cokali. Etek Baidar ce ta karya shirun, da ta leƙa kwanon Yusnidar ta ce, "Wannan kifi ne ko takalmin Masril kika soya?" Afrizal ya ƙware da dariya, sai da aka bubbuga masa baya.

Ranar farko ta kowane sabon ma'aikaci, Yusnidar kan kai shi ɗakin magani ta buɗe firji ta nuna masa allurar kariya. Sannan ta ba shi labarin Nofrianti da bakinta, ba ta rage nata laifin ba. Ta koya wa Etek Baidar abin da ake yi da gaske, ruwa da sabulu, sannan a kawo mutum wurin ita Yusnidar ko da salla take yi, a jira ta sallame.

Wanda ya fara gwada ta wani sabon nas ne, Rinaldi, satinsa uku. Ya zo gaban teburin ya tsaya.

"Uni, na ba gado na biyar maganin hawan jinin gado na huɗu."

Ta ji tsawar ta taso mata tun daga ciki har maƙogwaro. Ta riƙe bakin tebur da hannu biyu.

"Minti nawa?"

"Bai kai biyar ba."

"Ɗauko abin awo. Ka kyauta da ka zo."

Suka zauna a gefen tsohon suna auna shi duk rabin awa, likita ya zo ya duba, jinin ya ɗan sauka ya koma daidai. Da aka gama ta zaunar da Rinaldi suka bi abin daki-daki, ashe marasa lafiyar biyu sunansu ɗaya, Pak Amir da Pak Amir. Daga ranar aka fara rubuta sunan ƙauyen mutum a kan gadonsa.

Labari ya zaga cewa Rinaldi ya faɗa kuma yana nan da ransa. Sai suka fara zuwa. A wata ɗaya kurakurai goma sha huɗu aka kawo mata: wadda ta manta awon sukari, wanda ya sa ƙarin ruwa da gudu fiye da kima, wadda ta karanta bakwai a matsayin ɗaya. Yusnidar ta kira Desmawati gefe.

"Des, me ya same su? Da ba haka suke ba. Sakin fuskar da na yi ne ya lalata su?"

"Haka muke tun da, Uni. Har ma mun ragu. Da mukan gyara a ɓoye ne, in ya gyaru."

"In bai gyaru ba fa?"

Yusnidar ta juya ta dubi gadajen nan ashirin da shida, tana tuno fuskokin waɗanda suka rasu a kansu cikin shekara goma sha ɗaya, waɗanda aka ce ciwo ne ya ci ƙarfinsu. Ba ta sake yin wannan tambaya ba, don ta san babu mai amsar.

Nofrianti ta yi sati bakwai a Padang. Allah ya yi da sauran kwananta, kuma bayan wata shida gwaji ya nuna jininta ya wanke tas. Ta zo asibitin sau ɗaya, karɓar takardar canjin wurin aiki zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da ƙauyensu. Yusnidar ta same ta a baranda ta nemi gafara, a tsaye, a gaban masu jinya.

"Na yafe, Uni," in ji Nofrianti. "Ni ma da na buɗe hannuna na nuna miki. Amma ba zan iya aiki a nan ba. Tun daga bakin ƙofa abin ke dawo min sabo."

Ta ɗauki hannun Yusnidar ta kai goshinta kamar yadda ƙarami ke yi wa babba, ta tafi. Tana can har yanzu, ta yi aure, an ce mata masu ciki na ƙauyuka uku ita suke nema.

Yusnidar ta ƙara shekara shida a ɗakin maza kafin ta yi ritaya, Desmawati ta gaje ta. Ba ta zama mai sanyi ba, kada a yi mata ƙarya. Takan yi tsawa har ranar ƙarshe, sai dai ta koyi komawa bayan awa ɗaya ta ce, "Ɗazu na yi miki ihu. To yanzu faɗa min abin da ya faru." Sababbin da suka biyo ta hannunta a waɗannan shekaru suna ba da labarinta da dariya, na da kuwa har yau idan sun gan ta a kasuwa sai sun gyara tsayuwa.

Yanzu tana gidan kakarta a bakin tafki, ita ce babbar mace a gidan, Masril ya bar wa ɗan'uwansa shago ya biyo ta da kejinansa. Bara Etek Baidar ta rasu. Yusnidar ta hau mota ta je, tana zaton za ta tarar da dangi da 'yan unguwa kawai, don gidan ɗaki biyu ne a bayan kasuwar kifi. Tun daga bakin lungu ta ga babura da motoci. Ma'aikatan jinya ne, wasu da kayan aiki a jikinsu, wasu sun yi tafiyar kwana guda, wasu sun zama shugabanni a manyan asibitoci, wasu da furfura. Ta tsaya tana ƙirga su har ta kai arba'in da ɗaya, kowanne ta san shekarar da ya zo ɗakinta. Suna zaune a ƙasa suna kuka kamar uwarsu ce ta mutu.

Aka ce ana neman wadda za ta taya wankan gawa, 'yar marigayiyar ita kaɗai ce. Yusnidar ta ajiye jakarta, ta naɗe hannun riga ta shiga.